"Me Ta Je Yi Can?" Tambayar Da Ke Ƙara Wa Mai Kisa Kwana

Duk lokacin da aka tsinci gawar mace a ɗakin otal, ko a kango, ko a bayan tasha, kafin a tambayi wa ya kashe ta an riga an tambayi me ta je yi can. Ana yin wannan tambaya a majalisa, ana yin ta a Facebook, kuma abin da ya fi ci mini rai, ana yin ta a ofishin 'yan sanda. Ni a ganina, ranar da mai bincike ya fara da wannan tambayar, ranar ya fara lalata bincikensa da hannunsa. Rashin tausayin da ke cikinta a fili yake, amma ɓarnarta ta wuce nan: ita ke rufe wa ɗan sandan ciki ido, ita ke sa shi watsar da shaidar da ke gabansa, ita ke ba mai kisan ɗauki ɗai-ɗai damar sake fita. Kuma akwai shari'ar da ta nuna haka ƙarara, wadda ya kamata duk mai koyon aikin bincike a ƙasar nan ya san ta ciki da waje.

Peter Sutcliffe direban babbar mota ne a Bradford, a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Tsakanin 1975 da 1980 ya kashe mata 13, kotu kuma ta same shi da yunƙurin kashe wasu bakwai. Da guduma yake fara buga wa mace a ƙeya, sannan ya bi ta da wuƙa ko sukundireba. Jaridu suka laƙaba masa suna Yorkshire Ripper, suka riƙa zuzuta shi kamar wani hatsabibi mai layar zana. Alhali mutum ne mai mata, mai gida, mai wurin aiki da kowa ya sani, yana yawo da motarsa mai lamba. Tun 1969 an taɓa kama shi da guduma cikin dare a Bradford, aka ɗauke shi ɓarawo, aka ci shi tarar fam 25. A tsawon farautar da aka yi, 'yan sanda sun zauna da shi sun yi masa tambayoyi har sau tara, kowane karo ya koma gida ya kwana.

Ta farko da aka san ya kashe uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a Leeds, a watan Oktoban 1975. An tsinci gawarta a wani fili da ba shi da nisa da ƙofar gidanta. Daga ita da waɗanda suka biyo bayanta, 'yan sanda suka yanke cewa wannan mutum karuwai yake bi, shi ke nan. Gaskiya ne wasu daga cikin matan talauci ya tura su titi, kuma gaskiya ne sanin inda mai kisa ke samun waɗanda yake kashewa hanya ce ta bincike. Ba na musun wannan. Kuskuren shi ne sun mai da wannan zato ma'auni: wadda ta dace da shi a sa ta cikin jeri, wadda ba ta dace ba a ajiye fayil ɗinta gefe.

Dubi abin da wannan ya jawo. A watan Agustan 1975, wata biyu kafin kisan farko, ya bi wata yarinya 'yar shekara 14 a kan hanyar ƙauye kusa da Silsden. Ya jera da ita suna tafiya yana yi mata hira, sannan ya sauke mata guduma a ka. Fitilar wata mota ce ta kore shi. Yarinyar ta rayu, ta ga fuskarsa, ta ji muryarsa, ta kwatanta shi: baƙin gashi, gemu, harshen mutanen Yorkshire. Amma ita 'yar makaranta ce, a ƙauye, don haka ba a haɗa ta da sauran ba. Sai a 1992, yana tsare, ya amsa cewa shi ne. A watan Mayun 1976 ya kai wa wata baƙar fata 'yar shekara 20 hari a wani lambun shaƙatawa a Leeds. Tana da ciki, cikin ya zube, ita kuma ta rayu da ɗinki a kai. Kwatancen da ta bayar ya yi kama da shi matuƙa, amma ba a ba maganarta nauyi ba. Wata a Halifax, ita ma ta tsira, ta ce mutumin da ya buge ta da harshen garinsu ya yi mata magana. Waɗannan mata da sauran waɗanda suka tsira su ne kaɗai 'yan Adam da suka ga makashin ido da ido suka rayu. Babu wata shaida a hannun 'yan sanda da ta kai tasu daraja. Da an jera zanen fuskokin da suka kwatanta a bango ɗaya, da mutum ɗaya za a gani mai gemu yana kallon kowa.

Sai a watan Yunin 1977, da ya kashe wata 'yar shekara 16 mai aiki a kanti tana hanyar komawa gida, hankalin gari ya tashi. Jaridu da 'yan sanda suka fara cewa yanzu ya taɓa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A 1979 wani babban jami'in bincike, Jim Hobson, ya faɗa wa 'yan jarida cewa mutumin ya nuna ya tsani karuwai, mutane da yawa ma sun tsane su, su kuma 'yan sanda za su ci gaba da kama karuwai, amma yanzu ya koma kashe 'yan matan da ba su da laifi. A kotu ma, a 1981, babban lauyan gwamnati Sir Michael Havers ya ce wataƙila abin da ya fi ban takaici a shari'ar shi ne wasu daga cikin matan ba karuwai ba ne. 'Ya'yan waɗanda aka kashe suna raye suna jin wannan. Ka yi tunanin yaron da aka tashe shi da asuba aka ce uwarsa ba za ta dawo ba, ya girma ya ji hukuma da bakinta tana cewa mutuwar uwarsa ba ta kai ta wasu zafi ba.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba a nan. Macen da ke tsaye a titi da dare ita ta fi kowa sanin motocin da ke zagaye, da fuskokin da ke ba ta tsoro, da wanda ya taɓa shaƙe ƙawarta. Idan ɗan sandan da ya kamata ta kai wa wannan labari shi ne mai kama ta gobe ya kai ta kotu, me zai sa ta buɗe baki? Hukumar da ke cewa ku zo ku taimake mu, a numfashi guda kuma tana cewa za mu ci gaba da kama ku, ta toshe wa kanta kunne.

Wanda suka ƙi saurara ke nan. Wanda suka saurara kuwa, maƙaryaci ne. A 1978 wasiƙu suka fara zuwa daga wani mai cewa shi ne makashin, a watan Yunin 1979 kuma kaset ya iso teburin George Oldfield, mataimakin shugaban 'yan sandan Yammacin Yorkshire, wanda ke jagorantar farautar. Muryar namiji ce tana kiran sa da sunansa, tana yi masa ba'a cewa har yanzu ya kasa. Masana karin harshe a jami'ar Leeds suka ce wannan lafazin mutanen Sunderland ne, can arewa maso gabas, har suka nuna unguwar Castletown. Oldfield ya yarda da kaset ɗin ɗari bisa ɗari. Aka sa shi a rediyo da talabijin, aka buɗe layin waya don jama'a su kira su saurara, aka kashe kuɗi mai yawa wajen talla da allunan titi. Sannan aka mai da muryar abin tankaɗe: wanda lafazinsa ko rubutun hannunsa bai yi daidai ba, a sallame shi. Kamar a ce an yi kisa a Kano, wani ya aiko da kaset da Sakkwatanci, sai a ce duk Bakanon da aka kama a sake shi, ko da matan da suka tsira sun ce da Kananci ya yi musu magana. Su kansu masanan harshen daga baya sun gargaɗi 'yan sanda cewa mai muryar ba lallai ne shi ne makashin ba. Ba a ji ba.

A watan Yulin 1979 wani ƙaramin ɗan sandan ciki, Andrew Laptew, ya je gidan Sutcliffe shi da abokin aikinsa, saboda an ga motarsa sau da dama a unguwannin mata masu zaman kansu a garuruwa daban-daban. Yana ganin sa jikinsa ya ba shi. Ga gemu, ga wushirya, ga ƙaramar ƙafa irin sawun takalmin da aka samu a wurin kisa, ga sana'ar tuƙi, ga fuska kamar an ɗauko ta daga zanen da wata da ta tsira ta bayar. Ya rubuta rahoto ya kai sama. Aka duba aka ce wannan ba ɗan Sunderland ba ne, rubutunsa ma bai yi daidai ba, aka jefa rahoton cikin tari. Laptew bai ma san cewa tun 1977 an yi wa mutumin tambayoyi a kan wata sabuwar takardar fam biyar da aka samu a jakar matar da aka kashe a Manchester ba, takardar da aka bi sawunta har zuwa albashin ma'aikatan wasu kamfanoni, ciki har da inda Sutcliffe ke aiki. Bayanan suna nan, amma a kan katuna daban-daban, a akwatuna daban-daban. Takardun sun yi yawan da sai da aka ƙara wa daɓen ɗakin ƙarfi a ofishin Millgarth da ke Leeds don kada ya rufta. Bayan zuwan kaset ɗin, mata uku ya ƙara kashewa, biyu daga cikinsu ɗaliban jami'a.

Za a ce ina yi musu rashin adalci, tunda a lokacin babu kwamfuta a hannunsu, babu gwajin ƙwayar halitta. Na yarda aikin ya yi musu nauyi, kuma ban ce malalata ba ne. Ɗaruruwan 'yan sanda sun yi shekaru suna bin gida gida, shi kansa Oldfield ciwon zuciya ya kwantar da shi a 1979 saboda wahala. Amma ba rashin na'ura ne ya hana a yarda da yarinyar Silsden ba, kuma ba rashin na'ura ne ya sa aka fifita muryar da ba a san mai ita ba a kan matan da ke zaune gaban mutum da tabo a kai. Shawara ce wasu manya suka yanke game da wanda ya cancanci a gaskata. Kaset ɗin ya yi magana da babban jami'i kai tsaye, ya taɓa masa girma, matan kuwa ba su da kowa. Mai kaset ɗin, John Humble, sai a 2005 aka kama shi ta yawun da ya bari a jikin ambulan, aka ɗaure shi shekara takwas a 2006.

Yadda aka kama Sutcliffe ma abin lura ne. Ranar 2 ga Janairun 1981, a Sheffield, wani saje da wani sabon ɗan sanda suna sintiri suka ga mota a fake cikin duhu, da namiji da mace a ciki. Suka duba lambar suka ga ba ta motar ba ce. Ya roƙi a bar shi ya yi fitsari, ya zagaya bayan wani gini. Washegari sajen, Robert Ring, ya tuna da wannan zagayawar, ya koma wurin da fitila, ya tarar da guduma da wuƙa a ƙasa. Ranar 4 ga wata Sutcliffe ya amsa laifinsa. Aikin sintiri na yau da kullum, da mutum ɗaya da bai raina ƙaramin abu ba, su suka yi abin da shekara biyar na farauta bai yi ba. A lokacin kuma akwai wasiƙar da wani abokinsa ya aika tun watan Nuwamba, ɗauke da sunansa, tana kwance cikin takardun da ba a kai ga dubawa ba. A kotu ya ce wai muryar Ubangiji ce ta umarce shi ya kashe karuwai. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su karɓa ba, aka yi masa ɗaurin rai da rai a watan Mayun 1981. Amma abin tsoro ne a ce uzurin da makashi ya kawo ya yi kama da rabe-raben da hukuma ta yi shekaru tana yi.

Ingila ta ɗauki wani darasi. Gwamnati ta sa Lawrence Byford, wani sufeto mai sa ido kan ayyukan 'yan sanda, ya binciki yadda aka gudanar da aikin, rahotonsa ya fallasa rikicin katunan da makauniyar yarda da kaset ɗin, daga nan aka samar da tsarin kwamfuta na HOLMES don haɗa bayanan manyan laifuka wuri guda. Gyaran na'ura ya zo da wuri. Gyaran zuciya ne ya daɗe: sai ranar 13 ga Nuwamban 2020, ranar da Sutcliffe ya mutu, shugaban 'yan sandan yankin John Robins ya nemi gafarar iyalan matan a kan irin kalaman da manyan jami'ai suka yi a kansu. Shekara 45 bayan kisan farko.

Ba don labarin Turawa ya burge ni na kawo wannan ba. A 2019 mun ga irinsa a Fatakwal. Aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal, an shaƙe su, an ɗaure su da farin ƙyalle. Salon iri ɗaya ne, ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne. Da mata suka yi zanga-zanga zuwa hedikwatar 'yan sandan jihar Ribas, wani mataimakin kwamishina ya tarbe su da nasihar cewa a ja wa 'yan mata kunne su bar karuwanci. Maganar Leeds ce ta 1979 ta dawo a bakin wani, shekara 40 bayan haka. Abin da ya kawo ƙarshen lamarin hoton kyamarar wani otal ne da ya bazu a waya, da matsin lambar matan da suka ƙi yin shiru. Aka kama Gracious David-West a watan Satumba yana hanyar Uyo, a watan Oktoban 2020 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a kan ran mata tara. 'Yan sandan Ribas sun cancanci yabo da suka kama shi cikin watanni, kuma umarnin da suka ba otal-otal na sa kyamara da rubuta sunan baƙi daidai ne. Sai dai wannan umarni bai kamata ya jira gawa ta taru ba.

Mu a Arewa kada mu ce abin na can ne. Muna da namu mutanen da idan sun ɓace ba mai kirga su: yarinya mai talla, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, bazawarar da ta bar gida bayan saki ta kama ɗaki a birni, almajirin da iyayensa ke wata jiha, mai taɓin hankali da ke kwana a tasha. Duk mai niyyar kisa a jere, irin waɗannan zai nema, domin ya san ba wanda zai je caji ofis ya zauna a kansu. Ga kuma kunya. Iyaye da yawa sun gwammace su haɗiye baƙin ciki da a ce an ji inda aka tsinci 'yarsu, sai a ce an bar wa Allah, a yi jana'iza kafin la'asar. Gaggauta suturta mamaci addini ne, kuma ba na neman a taɓa shi. Amma awa biyu da likita zai duba wuya da farce, a ɗauki hoto, a rubuta yadda aka ɗaure hannu da irin igiyar, ba su hana sallah a kan gawa. Idan ba a rubuta ba, gawa ta biyu da za a tsinta a wata unguwa ba ta da abin da za a gwada ta da shi, kuma DPO na can ba zai taɓa sanin abin da DPO na nan ya gani ba.

Wanda ke ganin yana kare tarbiyya ne da wannan tambaya ta me ta je yi can, ya sake dubawa. Ayar Suratul Ma'ida da ta ce wanda ya kashe rai guda ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne, ba ta ware ran wadda muke ganin ta kauce ba. Kuma a ingantaccen hadisi an ba mu labarin karuwar da Allah Ya gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishi. Hisabinta ba a hannunmu yake ba, ba kuma a hannun ɗan sanda ba. Wa'azi yana da wurinsa da masu yin sa, tun tana raye. Ɗan sandan ciki an ba shi albashi ne ya gano wa ya shiga ɗakin, da ƙarfe nawa, da wace mota ya tafi.

Abin da nake nema daga kwamishinonin 'yan sandan jihohinmu ba ya bukatar biliyoyi. A ce duk gawar da aka tsinta ba a san wanda ya kashe ta ba, rahotonta ya isa sashen binciken manyan laifuka na jiha a ranar, da hoto da bayanin rauni, kuma a sa mutum takamaimai wanda aikinsa shi ne ya jera su ya ga ko suna kama da juna, ya kuma kira takwarorinsa na jihohin maƙwabta. A karɓi ƙorafin ɓatan mutum ko daga bakin wa ya fito, ko ƙawar ɗaki ce, ko mai shayi, ko malamin tsangaya, ba tare da an ce sai dangi ba, ba tare da an nemi kuɗin mai ba. Macen da ta zo da shatin hannu a wuya ta ce wani ya shaƙe ta ta kuɓuta, a zaunar da ita gaban 'yar sanda mace, a rubuta kowace kalma, a ba ta tabbacin ba za a juya maganar a kanta ba. Ƙaramin jami'in da ya ce jikinsa ya ba shi a kan wani, a sa wani babba daban ya karanta rahotonsa, ba wanda ya riga ya kafe a kan nasa zaton ba. Masu otal da masu gidajen haya kuma, wanda ya ɓoye gawa ko ya wanke ɗaki kafin 'yan sanda su zo don kare sunan kasuwancinsa, a gurfanar da shi tare da wanda ya yi kisan.